Tikitin tsallake layi a Orlando: ku duba kalanda kafin ku zaro kati

Duk wanda ya sauka a tsakiyar Fulorida da niyyar zama, ba zai cika wata uku ba sai waya ta shigo daga gida, ko daga wani ɗan uwa a Landan: "Ashe kusa da Disney kake? To muna nan tafe da yara." Ba a ce wa baƙo kada ya zo, kuma jama'armu a nan, alhamdulillahi, ba mu taɓa jin kunya a wannan fannin ba. Na ga wanda ya bar wa baƙi ɗakinsa ya koma falo sati biyu, na ga matan da suka kwana suna suyar dambun nama saboda mutanen da ba su taɓa gani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda duk shekara sabon zuwa yake faɗawa ramin da na faɗa, bayan mun gaya masa ramin yana nan.

Zuwa wuraren wasan, wato na Disney da na kamfanin Universal, ba wani aiki ba ne. Babban titin I-4 zai kai ka, alamu sun cika hanya. Ka ware kuɗin ajiye mota, ba ya ƙasa da dala 30. A Disney ana barin mutum ya shiga da abincinsa muddin ba a kwalba yake ba, ruwan ƙanƙara kuma kyauta ne a kantunan abinci idan ka roƙa. Yaron da bai kai shekara 3 ba ba ya biyan kuɗin shiga, daga shekara 10 kuwa kuɗin babba yake biya. Wannan duk a yini ɗaya za ka iya.

Inda gizo ke saƙa shi ne layi. Kuɗin ƙofa shiga kawai yake ba ka. Kowane abin hawa yana da layinsa, kuma a gefen yawancin layukan akwai wata 'yar hanya ta waɗanda suka ƙara kuɗi. Da can ba haka abin yake ba. A 1999 Disney ta fito da FastPass, takarda ce kake cira kyauta mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, kuma an shafe shekara ashirin ana cin wannan gajiyar har korona ta zo a 2020. A Oktoban 2021 aka maye gurbinsa da na biya mai suna Genie+ a kan dala 15, kuɗin goro, kowace rana. Bayan shekara guda aka saki farashin ya riƙa bin rana, har ya kai dala 39 a Kirsimetin 2023. Ran 24 ga Yuli, 2024 aka sake masa suna da tsari: Lightning Lane Multi Pass, inda za ka zaɓi abubuwan hawa uku tun kafin ranar, da Single Pass, wanda ake saya daban saboda 'yan ƙalilan ɗin da kowa yake rububi, irin su TRON a Magic Kingdom da Flight of Passage a Animal Kingdom, biyu daga cikin wuraren wasan Disney. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana zaɓa saura kwana 7, mu sauran saura kwana 3, da ƙarfe bakwai na safe. Sai kuma na masu hannu da shuni, Premier Pass, mai tsallake layi ba tare da zaɓen lokaci ba, da ya fito a ƙarshen Oktoban 2024 tsakanin dala 129 da 449 ga mutum ɗaya a rana ɗaya. A Universal sunansa Express, akwai na hawa sau ɗaya, akwai na hawa iya son ranka. Na kawo tarihin ne saboda tsofaffin zuwa da yawa har yanzu suna ba da shawarar zamanin FastPass. Idan wani ya ce maka kyauta ne, ka tambaye shi rabonsa da wurin.

Wanda ya taɓa neman mai a lokacin ƙaranci ya riga ya san yadda wannan farashi yake aiki. Ɗan bumburutu ba ya duba nawa ya sayo galan, tsawon layin gidan mai yake kallo. Haka nan ma. Bambancin kawai, a nan ana iya sanin ranar da layi zai yi tsawo tun watanni kafin ta zo, domin kalandar makarantun Amurka ce take jan ragamar komai.

Mafi tsada shi ne daga 'yan kwanaki kafin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Sai makon Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, wanda yake faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Sai hutun bazara na makarantu, wanda ba mako ɗaya ba ne kamar yadda mutanenmu suke zato: kowace jiha da kowace gunduma da nata, don haka yana jan ƙafa daga farkon Maris har bayan Ista. Akwai kuma 'yan ƙananan tarkuna, wato hutun Litinin da ke haɗe da ƙarshen mako: Litinin ta uku a Janairu, Litinin ta uku a Fabrairu, Litinin ta biyu a Oktoba. Na Fabrairun nan ya fi kama mutane, saboda ba wanda yake zaton tsada a Fabrairu. Sauƙi kuwa yana farawa idan yaran Fulorida sun koma makaranta wajen 10 ga Agusta, ya ƙara sauka bayan Litinin ta farko a Satumba lokacin da na jihohin arewa maso gabas su ma suka koma. Ƙarshen Janairu da farkon Mayu da tsakiyar makon farko na Disamba su ma babu laifi. Arhar Satumba tana da dalilinta: zafi ne mai naso da gumi, da tsawa kusan kowace la'asar wadda take sa a tsayar da abubuwan hawa na waje, kuma tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwa ne, wanda yake kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Damagaram zafin ba zai ba shi tsoro ba, gumin ne zai ba shi mamaki.

To mu kuma lokutanmu sai suka zo suka dace da mafi munin kwanaki. Baƙin gida Disamba suke so. Ƙaramar Sallah kuma a 'yan shekarun nan ta shigo tsakiyar hutun bazara: a 2025 ƙarshen Maris ta faɗo, kuma tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Ka yi wa yara alkawarin yawon Sallah, sai ka tarar rabin Amurka ma ta zo yawon nata.

Ni a Disamba na sha tawa. Yayana ya zo daga Kano da maiɗakinsa da yara uku, ni na shida, a makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ba sai na faɗi wurin da muka je ba, domin laifin nawa ne. Na sayi tikitin shiga, ina ganin na gama komai. Ba mu fita da wuri ba, sai da aka yi wanka aka karya a tsanake, muka isa wajen sha ɗaya. Abin hawa na farko, allon bakin layi ya nuna minti ɗari da wani abu. Muka shiga. Layin yana nannaɗewa kamar hanjin rago, duk kwanar da ka sha sai ka ga wata. A gefenmu kuwa mutane suna wucewa fiu, suna ɗora waya a kan wata na'ura, ta yi kore, su shige. Babban yaron ya ja mini riga ya ce, "Baffa, su waɗannan 'ya'yan masu wurin ne?" Yaya bai ce komai ba, agogonsa kawai ya kalla. Wannan kallon agogon shi ya ci mini kuɗi.

Muna fitowa na zaro waya na saya mana na tsallake layi, mu shida, a kan farashin ranar da ta fi kowace tsada a shekara, ga haraji a kai, domin a ƙasar nan abin da aka rubuta ba shi kake biya ba, a gundumar Orange ana ƙara kashi 6.5 cikin ɗari. Yaya ya leƙo ya ce, "Nawa ne, in ba ka?" Na ce, "Haba Yaya, ba wani abu ba ne." Kara ta hana ni, alhali kuɗin hayar Janairu ne nake yanka. Kuma ko karanta sharuɗɗan ban yi ba. Wanda yaran suka fi ƙwallafa rai a kansa ba ya cikin abin da na saya. Hajiya kuwa tun hawan farko ta ce ita da lilon da ke kifa mutum har abada, ta samu benci ta riƙe jakunkuna, tikitinta yana cikin wayata yana barci. Sai auta, 'yar shekara huɗu. A bakin kowane babban abin hawa akwai sandar awon tsawo. Ta tsaya a jikinta, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta miƙe wuya, tulin kitsonta yana taɓa alamar. Ma'aikaciyar ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu a hankali a kan kitson ta danna, sai ga tazarar yatsa biyu. Ta yi murmushi ta ce a dawo baɗi. Yarinya ta ɓare baki. Kuɗin tsallake layi ba shi da na yaro da na babba, duk ɗaya ne, kuma ba a mayarwa. Wato mutum biyu cikin shida na biya wa abin da ba su mora ba.

Ran 1 ga wata kuɗin haya bai cika ba. Masu gidan haya a nan ba su san "a yi mini haƙuri zuwa sati" ba. Takardar da ka sa wa hannu ta faɗi kwanakin da aka ɗaga maka da tarar da za ta hau bayansu, kuma kwamfuta ce take lissafin, ba ta san ka yi baƙi ba. Na biya tarar. Har yau Yaya bai sani ba.

Tun daga nan na koyi fara zaɓen rana kafin in yi tunanin tikiti. Ranar da tikitin tsallake layi yake da arha, sau da yawa ba ka ma buƙatarsa, ranar da kake matuƙar buƙatarsa kuma ita ce ranar da ya yi tashin gwauron zabo, wani lokacin ma ya ƙare. Shafin Universal yana nuna farashin Express rana-rana, manhajar Disney ma tana nuna na kwanakin da ke tafe. Ku buɗe ku kwatanta Talatar tsakiyar Satumba da 29 ga Disamba, za ku gani da idonku. Wata dabara kuma: ku duba kalandar tikitin shekara mafi arha na mazauna Fulorida. Ranakun da aka hana masu shi shiga, su ne ranakun cunkoso, kamfanin da kansa ya zana muku taswira. Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba akwai ranakun da Magic Kingdom yake sallamar masu tikitin rana da ƙarfe shida saboda bikin dare mai tikiti daban. Mutane suna gudun ranakun, don haka layi yakan ragu, sai dai ba za ku ga wasan wuta ba.

Idan baƙi sun kafe sai Disamba, to a yi asubanci. Mu da muke tashi sallar asuba ba mu da uzuri: ku kasance a ƙofa kafin a buɗe, ku nufi abin da ya fi farin jini, awa biyun farko sun fi duk yammacin albarka. Ku auna tsawon yara a gida. Ku tambayi wa zai hau wa ba zai hau ba, ku saya wa masu hawa kaɗai. Iyaye masu ƙaramin yaro su nemi tsarin musanya, kyauta ne: ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe yaro, sannan su canza ba tare da sabon dogon layi ba. Matasa su bi layin mai hawa shi kaɗai inda yake akwai. Masu zuwa Universal kuma su yi wannan lissafin: otal uku, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna haɗa wa baƙinsu Express mara iyaka na tsofaffin wuraren wasan Universal biyu, daga ranar shiga har ranar fita. Kwana ɗaya, yini biyu ke nan. Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar a lokacin tsada, ɗakin yakan fi sayen tikitin daban sauƙi, ko da gidanka yana nan kusa a Kissimmee. Amma bai shafi Epic Universe ba, sabon da aka buɗe ran 22 ga Mayu, 2025.

Rangwamen mazauna Fulorida gaskiya ne, amma sai da shaida: lasin tuƙi ko katin shaidar jihar, ko wasu takardu masu adireshinka, kuma kowane babba nasa zai nuna. Katinka ba zai rufe Alhajin da ya sauka jiya da fasfo ba, kada ka ja masa jin kunya a bakin ƙofa. Rumfunan da ke kan titin 192 da International Drive masu rubuta tikiti rabin kuɗi, yawancinsu sai ka zauna an yi maka tallar mallakar ɗakin hutu, a ce minti 90 ne, ka fito rana ta raba. Ragowar tikitin wani kuwa kada ka taɓa, ana ɗora yatsa a ƙofa, kuma sayar da shi laifi ne a dokar jihar.

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar, wani ƙaninmu da bai fi wata huɗu da zuwa ba ya tare ni yana fara'a, ya ce surukansa suna tafe, sun riga sun yanki tikitin jirgi. Na ce yaushe? Ya ce 23 ga Disamba. Na ce su nawa? Ya ce tara. Na ce ya zo gida bayan isha da biro da takardar hayarsa.