Yadda zaka kalli gudun mita 100 na maza a Olamfik ka gane abin da ake ciki

Ranar 4 ga Agustan 2024 da daddare muna gidan kallo ana fainal ɗin mita 100 na maza a Olamfik ɗin Faris, wallahi mutumin da ke gefena ya sunkuya ne kawai ya ɗauki wayarsa da ta faɗi, yana ɗagowa har an gama. Sai ihu, wasu na cewa ɗan Jamaika ne wasu na cewa Ba'amurke, aka kusa ba hammata iska a kan tseren da bai cika sakan 10 ba. Mu mutanen ƙwallo ne, mun saba da minti 90 da zaka sha shayinka ka fita ka dawo ba abin da ya wuce ka, shi kuwa wannan ƙiftawa da bismillah ne, in baka san inda zaka ajiye idonka ba to kaga mutane takwas sun ruga kawai, shi ke nan.

Kada ka jira fainal. Ka fara tun zagayen farko, don a nan zaka san waye waye. Yadda aka yi a Faris shi ne akwai zagayen share fage na ƙananan ƙasashen da ba su samu wanda ya cika sharaɗi ba aka ba su gurbin alfarma, sannan zagaye na ɗaya mai rukuni takwas, uku na farko a kowane rukuni su wuce, a ƙara da mutum uku da suka fi sauran gudu, sai semi fainal rukuni uku, biyun farko su wuce a ƙara da biyu mafi kyawun lokaci, su ne takwas ɗin fainal. Shi ya sa a skirin zakaga babban harafin Q gaban sunan wanda ya wuce da matsayinsa, ƙaramin q kuma gaban wanda agogo ne ya cece shi. Kowace ƙasa mutum uku ne iyakarta, shi ya sa a Amurka da Jamaika zakaga gwani ya yi zaman gida don kawai ya zo na huɗu a gwajin ƙasarsu. Lokacin da aka sa na samun tikitin Faris kai tsaye sakan 10.00 ne cif, sauran kuma ta jerin matsayin duniya suka shiga.

A zagayen farko fa kada lambar agogo ta ruɗe ka, ba a nan gizo ke saƙa ba. Jikin mutum zaka kalla. Wanda ya kai mita 70 ya sassauta yana waige hagu da dama kuma duk da haka ya zo na ɗaya ko na biyu, wannan akwai sauran mai a tankinsa, wanda kuwa ya washe haƙora ya ɗaga kafaɗu jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗau don ya samu na uku, to iyakarsa kenan ka gani, gobe ba abin da zai ƙara. Ɗan Najeriya Kayinsola Ajayi ya ci rukuninsa a Faris har gaban Marcell Jacobs na Italiya mai riƙe da zinare a lokacin, mun yi murna sosai, amma a semi aka tsaya shi kuma Jacobs ya kai fainal. Ita ma semi ɗin ba ta faɗin komai duka, Oblique Seville na Jamaika ya doke Noah Lyles na Amurka a semi, da aka zo fainal bayan awa biyu ko ƙasa da haka Seville ne na takwas Lyles ne na ɗaya.

To an zo layi. Kowa na da layinsa mai faɗin mita 1.22, kuma galibi waɗanda suka fi yin kyau a semi su ake ba layukan tsakiya, don haka kafin a fara ma ka san inda zaka fi zuba ido. Bayan kowa akwai wani ƙarfe da yake tokare ƙafafunsa da shi, bulok ake ce masa, kuma ba ƙarfe ne zalla ba, akwai na'ura a jikinsa da ke auna lokacin da ƙafa ta fara danna shi, ga kuma ƴar lasifika a bayan kowane mutum don ƙarar bindiga ta iso wa na layi na ɗaya da na takwas lokaci guda. Mai bindiga zai yi kira na farko su durƙusa, hannu a bayan farin layi ba a kansa ba, ya yi na biyu ya ce set su ɗaga ƙugu su tsaya cak, sai harbi. Nan ne filin da ke ɗauke da dubban mutane zakaji ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, kai ma a gidan kallo dan Allah ka ja bakinka.

In kaji bindiga ta tashi sau biyu, wani ya riga malam masallaci. Dokar kuma ba ta da tausayi, tun 2010 sau ɗaya tak zaka yi a nuna maka kati mai ja da baƙi ka tattara ka fita, in kuma koren kati aka ɗaga to ba laifin kowa bane a sake. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba sai ka tashi kafin harbi bane kawai ake kama ka, ko bayan harbi ne in ƙafarka ta danna bulok kafin sakan 0.100 ya cika an ɗauka caca ka yi ba jin ƙarar ka yi ba, don a lissafinsu ɗan Adam ba zai ji sauti ya motsa da sauri haka ba. Ni dai ina ganin dokar ta yi tsauri, mutum ya shekara huɗu yana wahala a kore shi saboda motsin da ido ma ba ya gani, amma da can da ake yafe na farko wasu da gangan suke yi don su rikita abokan karawa, to kaga kowanne da nasa. Zharnel Hughes na Birtaniya haka ya fita daga fainal ɗin Olamfik na Tokiyo a 2021. Linford Christie a Atlanta 1996, yana mai riƙe da zinare, ya yi sau biyu aka kore shi ya tsaya yana gardama ya ƙi barin fili na ɗan lokaci. Shi kansa Usain Bolt ta taɓa cin sa a gasar duniya ta Daegu a 2011.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, don nan ne mafi yawan masu kallo ke tafka kuskure. Wanda ke gaba a mita 30 ba lallai shi ne zai ci tseren ba. Mita talatin ɗin farko turi ne, zakaga kai a sunkuye jiki a karkace gaba kamar mai tura kura, a nan gajeru masu ƙarfin cinya ke haskawa. Daga nan jiki ya miƙe a hankali, tsakanin mita 50 zuwa 80 kowa ya kai ƙurewar gudunsa, daga nan kuma, ka ji wannan da kyau, kusan kowa raguwa yake yi. Ba mai iya riƙe ƙurewar gudu har layi. Abin da kake gani a talabijin kamar wani ya sa giya ta biyar ya wuce su a ƙarshe, ba ƙara gudu ya yi ba, su ne nasu ya zube shi nasa bai zube sosai ba. Bolt da tsayinsa mita 1.95 ba gwanin tashi bane, a Riyo 2016 Justin Gatlin ne a gaba har kusan tsakiya, amma da dogayen ƙafafun nan suka buɗe sai labari ya canza, 9.81 shi, 9.89 Gatlin. Ranar da Bolt ya kafa tarihin duniya na 9.58 a Balin a 2009 taku 41 ya yi, alhali sauran sai sun kai 44 ko 45, kuma tsakanin mita 60 da 80 gudunsa ya haura kilomita 44 a awa, wato in kana kan babur cikin gari yana gefenka. Lyles ma a Faris yana cikin waɗanda suka fi kowa jinkirin tashi, 0.178, a mita 40 shi ne na baya, duk wanda ya kalli farkon tseren ya cire shi a lissafi.

Saboda haka in sun kai tsakiya bar kallon wanda ke gaba, kalli fuska da kafaɗu. Wanda kumatunsa ke rawa sakwa-sakwa, kafaɗu a ƙasa, gwiwa na ɗagowa sama ƙafa na sauka a ƙarƙashin jikinsa, shi ne mai zuwa. Wanda ya ji numfashin wani a gefensa ya fara ƙanƙame jiki yana miƙa ƙafa nesa don ya ƙara tsawon taku, ya gama, birki yake taka wa kansa bai sani ba. Kuma a nan ne tsokar bayan cinya ke tsinkewa, in kaga mutum ya yi tsalle ya dafe bayan cinyarsa kamar an harbe shi to ita ce. Haka ta faru da Enoch Adegoke a Tokiyo, ɗan Najeriya na farko da ya shiga fainal ɗin mita 100 na maza tun Davidson Ezinwa a 1996, ya taso lafiya lau tsoka ta ƙi, bai ƙarasa ba, ranar nan ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Sai layin ƙarshe, inda aka yi waccan gardamar ta gidan kallo. Ba ƙafa ake dubawa ba, ba kai ba, ba hannu ba, gangar jiki ce, wato daga kafaɗa zuwa ƙugu, shi ya sa kake ganin suna banƙaro ƙirji su watsa hannu baya in sun zo. Wanda ya yi banƙaron da wuri kuma ya cuci kansa don gudu zai ragu. Kyamarar da ke kan layin tana ɗaukar dubban hotuna a sakan ɗaya, hoton da ake nunawa daga baya mai jiki a lanƙwashe ƙafa kamar ta roba ba lalacewa ya yi ba, kowane yanki nasa layin ƙarshen ne a lokaci daban. Lyles da Kishane Thompson na Jamaika duka 9.79 aka rubuta musu, amma a asali 9.784 ne da 9.789, don ana ɗaga lambar ne zuwa sama, tazarar 0.005 kenan tsakanin zinare da azurfa, har shi Lyles ɗin ya je ya ce wa Thompson yana ganin Thompson ɗin ne ya ci kafin allo ya nuna Lyles ne. To in wanda ya yi gudun bai sani ba, kai da ke kan benci a Kano ko Damagaram ka jira allo kafin ka fara rantsuwa. Fred Kerley ne na uku da 9.81, Akani Simbine na Afirka ta Kudu na huɗu da 9.82, bawan Allah nan na biyar a Riyo na huɗu a Tokiyo na huɗu a Faris, duka takwas ɗin kuma ƙasa da sakan 10 suka yi.

Akwai wata ƴar lamba da ke fitowa kusa da sakamako wadda ba kowa ke kula ta ba, ta iska. In da alamar tarawa iskar daga baya take tana tura su, in da ta ragewa gaba take bugowa. In ta wuce +2.0, wato mita biyu a sakan, wanda ya ci ya ci lambarsa amma lokacin ba ya shiga tarihi, kamar 9.68 da Tyson Gay ya yi a gwajin Amurka na 2008 da iska +4.1. Tudu ma na taimakawa don iskar sama ba ta da kauri, Jim Hines da ya fara sauka ƙasa da 10 da agogon lantarki, 9.95, a birnin Meziko ya yi a 1968, sama da mita 2,200 daga teku. Shi ma tarihin Afirka na Ferdinand Omanyala, 9.77, a Nairobi da ita ma ke kan tudu aka yi shi a 2021, ya ci zinaren gasar Kwamanwel a Birmingham 2022 amma a Faris semi ce ta tsayar da shi. Don ka samu ma'auni a kanka, tarihin Olamfik 9.63 ne na Bolt a Landan 2012, Jacobs da 9.80 ya ci Tokiyo, Deji Aliu na Najeriya da 9.95 ya ci wasannin Afirka a Abuja a 2003. Ku kuma samarin da ke auna kanku da agogon waya a filin makaranta kuna cewa kun yi 10.5, na farko yatsan abokinka yana makara wajen dannawa, masana ma kusan 0.24 suke ƙarawa a kan agogon hannu, na biyu je ka auna filin da tef tukuna.

Ko an rataya lamba kada ka ce an gama, akwai gwajin fitsari. Ben Johnson na Kanada ya yi 9.79 a Seoul 1988 duniya ta ɗauka, kwana uku bai cika ba aka ƙwace aka ba Carl Lewis saboda ƙwayar ƙara ƙarfi, kuma yanzu ana ajiye samfurin shekara goma a sake gwadawa, ta haka Jamaika ta rasa zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka na Beijin 2008 a 2017 saboda Nesta Carter, Bolt da bai yi laifi ba ya mayar da tasa.

Na gaba a Los Anjalas ne a 2028, kuma an ce wasannin tsere a makon farko za a yi su ba na biyu ba kamar yadda aka saba. Agogonsu na bayan namu da awa takwas a wannan lokacin na shekara, don haka in da yammacinsu aka sa fainal, mu nan tsakar dare ne zuwa goshin asuba, gidan kallo ma ba lallai ya buɗe ba, sai ka yi cajin waya tun da rana ka sa data, ka kuma duba jadawalin da kanka kwana ɗaya kafin nan ka saita ƙararrawa minti 20 kafin lokaci don ka samu gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da rabon layi.