Darasi Na 9: Ciyawar Kan Dutse Da Gambar Bakin Gona

A kan duwatsu masu tsawo, inda raɓa ke daskarewa da asuba, akwai wata ciyawa da masana ke kira festuka. Ana samun ta a Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, da kuma tuddan Habasha. Ganyenta siriri ne kamar tsinke, shi ya sa iska ba ta saurin busar da ita. Gindi ɗaya yakan yi shekaru yana tohowa.

Kada kowa ya wahalar da kansa neman irinta, don zafin Garwa da Marwa na watan Afrilu ba zai bar ta ba. Abin koyi yana wajen mutanen Menz na Habasha. Suna kiran ta gwasa, da ita suke baibaya ɗaki da tufka igiya. Fiye da shekara 400 ke nan suna da dokar rufe wurin da take: ba yanka, ba kiwo, shekaru a jere, sai ta murmure a buɗe.

Tamu mai irin wannan hali ita ce gamba. Ranta a gindi yake, dab da ƙasa, inda sababbin tsiro ke ɓuya. Don haka in za a yanka, a bar taƙi guda, wato kamar santimita 20. Mai shafe ta da lauje har ƙasa ya ci na baɗi. Lokacin yanka shi ne kaka, bayan iri ya nuna ya zuba. A baza ta a rana ta bushe sarai kafin a ɗaure. Damin da aka ɗaure da danshi daga ciki yake ruɓewa, zanarsa ba ta kai damina biyu. A ajiye shi a kan duwatsu ko itace saboda gara.

Wuta fa? Ta bazara ce muguwa, domin ƙasa ta bushe, zafin yakan kai ga gindin. Haka shanu in suka lashe tohon fari sau biyu, sau uku, gindin yakan ƙare.

In gamba ta yi ƙaranci, a dasa. Da ruwa ya zauna, a tono tsohon gindi, a raba, a sa tsiro uku ko huɗu masu saiwa a kowane rami, tazarar rabin mita. Shekarar farko ba a yanka.