Yadda mai zane a Yamai zai sa wa tablonsa kuɗi ya kuma samu masu saye

Tun 2023 baƙin Turawan da suka saba sayen zane a Yamai sun ragu ƙwarai. Kasuwar da ta rage ta ƴan ƙasa ce: masu otel da gidajen abinci, ofisoshi, ɗan kasuwar da ya gama gini yana neman abin da zai rataye a falo, da iyalan da ke son a zana musu hoton mahaifi ko na amarya da ango. Waɗannan mutane ciniki suka sani, suna kuma tambayar juna nawa aka saya. Saboda haka abu na farko shi ne farashin da ba ya rawa.

Ka fara da lissafin abin da tablo, wato zanen fenti da ake ratayewa a bango, ya ci: yadi, katakon da aka ɗaure yadin a kai, fenti, verni (man da ake shafawa a kan zane a ƙarshe don ya kare shi), kuɗin kafinta, kuɗin kabu-kabu. Wannan ne ƙasan da ba ka sauka ƙarƙashinsa ko da haya ta matsa. Daga nan ka auna tsawo da faɗi da santimita, ka haɗa su, ka ninka da adadi guda da ka yanke wa kanka. A ce adadin sefa 500 ne: tablo mai 60 da 80 ya zama 140 sau 500, wato jaka 70, mai 30 da 40 kuma jaka 35. Wannan misali ne kawai, kowa da matsayinsa. Amfaninsa shi ne idan Alhaji ya ce me ya sa wannan ya fi wancan tsada, kana da amsar da ba ta danganta da motar da ya zo da ita ba. Ka bar wa ciniki kashi 10 cikin ɗari, ba ƙari. Wanda ya ce jaka 100 ya sallama a jaka 30 ya gaya wa unguwa duka cewa farashinsa wasa ne, kuma wanda ya saya jaka 80 a watan jiya ba zai sake dawowa ba. Kada ka ƙara adadin sai ka ga aiki yana fita da sauri fiye da yadda kake zana shi.

Kuɗin ba zai tsaya ba idan aikin ya lalace a bangon mai saye. A kasuwar Katako ka zaɓi busasshen katako, domin ɗanye yana karkacewa da zarar hunturu ya shigo, sai yadi ya saki ko tablo ya ƙi kwanciya a bango. Ka shafa wa yadin farin share fage sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba yadin zai shanye launi, aikin ya dushe. Fentin gini yana da arha, amma yakan tsage idan aka naɗe yadin. Akrilik, fentin da ake haɗawa da ruwa, a zafin Afrilu da Mayu yana bushewa a kan faranti kafin ka gama haɗa launi, don haka ka riƙa matso kaɗan-kaɗan kana fesa masa ruwa. Verni kuwa a ɗaki rufe ake shafa shi, ranar da ba ƙura, tunda duk abin da ya faɗa a kai ya zauna ke nan. Fentin mai yana buƙatar aƙalla wata shida kafin a sa masa verni na ƙarshe, ka faɗa wa mai saye tun farko.

Yawancin masu saye a waya za su fara ganin aikinka. Ka ɗauki hoto da safe a inuwa, kafin ka shafa verni mai ƙyalli, ka kashe fitilar waya, ka riƙe ta daidai tsakiyar tablon ba a karkace ba. Hoto uku sun isa: tablon duka, wani sashe daga kusa, da tablon rataye kusa da kujera don a gane girmansa. A ƙarƙashi ka rubuta suna, awo, irin fenti da farashi, da Hausa da Faransanci. Masu rubuta "a tuntuɓe ni don jin kuɗi" a Facebook ko WhatsApp suna korar mai kunya ne, wanda sau da yawa shi ne mai sayen gaske.

Akwai gidajen da ba sa rataye hoton mai rai saboda addini. Ka tanadi rubutun ayoyi, masallacin Agadas, zayyanar bangon Birnin Damagaram, ko kogi da gadar Kennedy da yamma, ƙari a kan raƙuman dawa na Kure da ƴan kokowa da kowa ke zanawa.

Aikin da aka ba ka ka yi, nan ne rigima ta fi yawa. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ta hannu ko ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Amana, kafin ka sayi ko da goga. Ka rubuta awo, ranar bayarwa da sauran kuɗi, ka tura masa ya amsa. Ka nuna masa zanen fensir ya yarda kafin ka sa launi, ku kuma yi yarjejeniya cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Hoton mamaci da aka kawo maka dushe-dushe, ka nemi wasu biyu ko uku, domin ƴaƴa biyar kowa da fuskar baban da yake tunawa. Tablo ba ya barin hannunka sai an cika kuɗi, ko da mai shi ɗan uwa ne.

Wajen nuna aiki ido da ido, ka zagaya gidan tarihi na Boubou Hama, ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ka ji yadda ake shiga baje koli. Ya fi sauƙi ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin wuri da na buga takardar gayyata. In za ka bar tablo a otel ko shago a sayar maka, ku sa hannu a takarda mai ɗauke da sunan kowane tablo, farashinsa, kason mai wuri, ranar kwashewa, da wanda zai biya idan ya yage. Gidajen sayar da zane kan ɗauki kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kuma farashin can da na gidanka dole su zama ɗaya, in ba haka ba mai wurin zai daina nuna aikinka.

Ka buɗe littafi: lambar tablo, shekara, awo, wanda ya saya, lambar wayarsa, nawa ya biya. Idan ka gama sabon aiki, waɗanda suka taɓa saye za ka fara tura wa hotonsa kwana biyu kafin kowa ya gani. Ka sa hannu a gaban tablo, ka rubuta suna da shekara a bayansa. Sayar da tablo ba sayar da iznin buga shi a kalanda ko riga ba ne, wannan ciniki ne daban, kuma ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mallakar fasaha shi ne wurin yin rajista.

Idan mai saye yana Tawa ko Maraɗi, ka cire yadin daga katako, ka shimfiɗa takarda marar rubutu a kan fentin, ka naɗe shi fenti yana waje, domin naɗi ta ciki shi ke tsaga shi. Ka zura a bututun roba mai faɗin santimita 10 ko fiye, ka toshe bakunan, ka ba kamfanin bas, ka tura wa mai shi hoton rasit tare da awon katakon da kafintansa zai haɗa.