Maki da Neman Gurbin Ƙwarewa ga Likita Mai Son Bincike

Ɗalibin likitanci a Gombe ko Bauchi da ke son haɗa duba marasa lafiya da bincike, ya fara sanin cewa digirin likitanci, wato MBBS, ba shi da daraja ta ɗaya ko ta biyu. Hamsin cikin ɗari ake ci da shi. Saboda haka mai tantance masu neman gurbin horon ƙwarewa tabo yake nema a takardar sakamakonka: wace jarrabawa ka sake zama, wace shekara ka maimaita.

A nan gida, bayan shekarar horon asibiti da bautar ƙasa, jarrabawar matakin farko (Primaries) ta NPMCN, wato kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, ko ta takwarorinta na Afirka ta Yamma ce ke buɗe ƙofa. Sai ka nemi gurbi a asibitin koyarwa irin na Tarayya da ke Gombe. Ba a cika waiwayar makin aji ba.

Ga mai neman gurbi a Amurka kuwa, can ne ake ƙididdigar maki. Tun Janairun 2022, Step 1, matakin farko na USMLE (jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka), ya koma ci ko faɗuwa, nauyin ya dawo kan makin mataki na biyu, Step 2 CK. Nan ake tafka kuskure. Wanda ya tsallake da ƙyar ba zai sake zama don gyara maki ba, faɗuwa kuma tana nan a rubuce. Kada ka sa ranar jarrabawa sai gwajin da kake yi a ɗaki ya riƙa ba ka makin da kake buri, ba sau ɗaya ba. Ana tura takardu ta ERAS, shafin neman gurbin ƙwarewa, a Satumba, sakamakon rabon gurbi ya fito a Maris. Kafin nan sai ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta tabbatar da shaidar digirinka daga makarantarku kai tsaye, don haka fara bibiyar ofishin makarantar da wuri.

Masu ɗaukar likita mai bincike sukan ɗaga ƙafa ga matsakaicin maki idan akwai aiki a ƙasa. Tun aji huɗu ka liƙe wa malami guda, ku ɗauki tambaya ƙarama, kamar sikila a sashen yara, ku samu izinin kwamitin ɗa'a kafin a buɗe fayil ko ɗaya. Maƙala ɗaya da sunanka a gaba, a mujallar da ke PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ta fi biyar a mujallun biya-a-buga. Waɗancan zubar da mutunci suke yi. A ganawa za a tambaye ka dalilin zaɓen adadin mutanen da ka nazarta, kuma daga amsar ake gane wanda aka sa wa suna don alfarma.