Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Halin Kogi

Tun kafin zuwan boko, mutanenmu sun raba ruwaye gida-gida. Akwai kogi da gulbi, akwai rafi da ƙorama. Masunci ya san inda kifi yake kwana, mai noman rani ya san ruwan da ke ƙona shuka, mai wanki ta san ruwan da ke cin sabulu. Masana ilimin ruwa su ma rabon suke yi, sai dai sun tsara shi a kan tambayoyi uku: Yaya jikin kogin yake? Me ya narke a cikin ruwansa? Waɗanne halittu ke rayuwa a ciki? A darasin yau za mu koyi yi wa kogin garinmu waɗannan tambayoyi, domin ido kaɗai ba ya gane ruwan kirki.

Jikin kogi

Abu na farko, shin kogin yana gudana duk shekara, ko da damina kawai? Kogin Kwara, wanda ake kuma kira Neja, ba ya ƙafewa. Ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya shigo Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180. Gulbin Maraɗi kuwa na damina ne. Da rani sai yashi, har a haƙa rami a tsakiyarsa a ɗebi ruwa.

Sai gudu da gindin kogi. Inda ƙasa take da gangara, kamar wuraren da Kogin Kaduna ya sauko daga tsaunukan Jos, ruwa yana sauri a kan duwatsu. Inda ƙasa ta shimfiɗe, kamar fadamar Haɗeja da Nguru, ruwa yana tafiya a hankali, ya rarrabu, ya ajiye laka. Wannan lakar ita ce takin fadama.

Kogi ɗaya ma yakan sauya kama. A Yamai, Kwara yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko wajen Agusta da Satumba ce, ruwan ja wur da ƙasar da ƙoramu suka kwaso. Cika ta biyu tana zuwa da sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan saman Gini ne da ya yi watanni a hanya, ya sauke lakarsa a fadamun Mali, shi ya sa yake isowa da ɗan haske.

Gwaji mai sauƙi: ku cika farar kwalba da ruwan kogi, ku ajiye ta ta kwana. Da safe ku duba yawan lakar da ta kwanta a ƙasa.

Abin da ya narke a ruwa

Idan aka zuba gishiri a kofin ruwa, ido ba ya ganinsa, amma yana nan. Haka ruwan kogi yake ɗauke da abubuwa daga ƙasa da duwatsun da ya ratsa, da kuma abin da mutane suka zuba masa. Wani ruwan garɗi gare shi, wani zartsi. Wani kuma sabulu ba ya kumfa a cikinsa, saboda sinadaran farar ƙasa da suka yi masa yawa.

Masana suna da ma'auni mai suna pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar ruwan tsamiya. Abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa da ruwan toka. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5.

Akwai kuma iskar oksijin da ta narke a ruwa, wadda kifi yake shaƙa. Ruwa mai sanyi da ke tsalle a kan duwatsu yana da ita da yawa. Ruwa mai zafi da ya kwanta wuri guda yana da kaɗan. Idan takin zamani daga gonaki ko ƙazantar gari suka yi wa kogi yawa, gansakuka sai ta yi tsiro ta rufe shi. In ta mutu tana ruɓewa, sai ta cinye iskar. Wannan na cikin dalilan da ake wayar gari a ga kifaye sun taso sama matattu. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ina so mu ɗan dakata, don wannan batu ne na rai. A Kano, ruwan da ke fitowa daga masana'antun sarrafa fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma yakan gangara cikin Kogin Challawa da rafin Jakara. A Zamfara, a shekarar 2010, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ta kuma gurɓata ƙasa da tafkunan da ake wanke ƙasar zinaren. Irin wannan guba ba ta da wari ko launin da za a dogara da shi. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma ko kuromiyam. Tacewa da ƙyalle ma ba ta fitar da su. Duk wanda yake zaune a ƙasan masana'anta ko wurin wankin zinare, hakkinsa ne ya nemi hukumar ruwa ta gwada ruwan da iyalinsa ke sha.

Shaidar halittun ruwa

A ganina, wannan ce tambayar da ta fi amfani ga wanda ba shi da na'ura. Mai awo yakan zo ya ɗebi ruwa na rana ɗaya ya tafi. Kifi da ƙwari kuwa a ciki suke kwana su tashi, don haka shaidarsu ta shekara guda ce.

Giwan ruwa, irin wanda masunta ke takara a kansa a bikin kamun kifi na Argungu, yana bukatar ruwa mai wadatar iska. Tarwaɗa ba ruwanta, tana iya leƙo kai ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take rayuwa har a ruwan da ya lalace. Gaiwa ta fi kowa haƙuri: idan ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta jira damina. Saboda haka, kogin da ake kama giwan ruwa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa a cikinsa yana da lafiya. Idan tsofaffin masunta suka ce a da suna kama iri-iri, yanzu sai tarwaɗa kaɗai, to a bincika.

Ku ɗaga dutse daga cikin rafi ku duba ƙarƙashinsa. Idan kuka ga ƙananan ƙwari kala-kala suna rarrafe, alama ce mai kyau. Idan babu komai sai jajayen tsutsotsi a cikin baƙar laka mai ɗoyi, ruwan ya rasa iska.

Tsirrai ma suna ba da labari. Bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya: babbar ambaliya ta ragu, ruwa kaɗan-kaɗan yana gudana har da rani. Wannan ya yi wa ciyawar kachala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwale-kwale wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Kun ga yadda sauyin jikin kogi ya sauya halittun cikinsa.

Kada mu manta da halittu masu ɗauko cuta. Ruwan da ke kwance da ciyayi, kamar hanyoyin ban ruwa, gidan ƙananan katantanwa ne masu yaɗa tsargiya, ko da ruwan yana da haske garau. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani. Ruwa mai sauri a kan duwatsu kuma, duk da tsabtarsa, nan ne wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje ke haihuwa, waɗanda cizonsu ke kawo makantar kogi. Idan ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganinta, ku karɓa ku sha.

Kalmomin karantawa da rubutawa

kogi, gulbi, ƙorama, fadama, laka, zartsi, oksijin, dalma, gansakuka, tsargiya

Aikin gida

1. Rubuta sunan kogi ko rafin da ya fi kusa da gidanku. A wane wata yake cika, a wane wata yake janyewa?
2. Yi gwajin kwalba sau biyu: sau ɗaya bayan an yi ruwan sama, sau ɗaya bayan kwana uku ba a yi ba.
3. Bi bakin kogin ta wajen da ruwa yake fitowa. Rubuta duk abin da ake zuba masa kafin ya iso inda kuke ɗiba.
4. Je wurin Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya faɗa maka sunayen kifayen da ake kamawa lokacin ƙuruciyarsa. Ja layi a ƙarƙashin waɗanda har yanzu ake samu, ka kawo takardar aji mako mai zuwa.