Kafin ka yarda da shafin bincike, gwada shi da abin da ka sani

Jama'a, yawancinmu ba mu muka zaɓi Google ba, a wayar muka tarar da shi. A wata shari'a da aka yi da Google a Amurka, an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama shi ne ke buɗewa da farko a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Akwai Bing na Microsoft, akwai DuckDuckGo wanda ba ya adana tarihin bincikenka.

Ga dabarar da nake bi. Na kan rubuta tambayar da na riga na san amsarta, kamar yadda ake dambun nama ko tarihin ganuwar Kano, in saka ta a kowanne. Wanda ya kawo min Hausa ta gaskiya, ba fassarar inji mai karyayyen harshe ba, shi nake riƙewa.

Ku kula da ƙugiya: rubuta "ƙosai", sannan "kosai", sau da yawa sakamakon ya bambanta, domin marubuta da dama ba sa saka ta. In labari kake nema, ƙara site:bbc.com/hausa bayan kalmarka, sai a tsaya a shafin kawai.

Don Allah, sakamakon da ya fito a sama ba lallai shi ya fi ba. Sau da yawa talla ce aka biya. Musamman lokacin rajistar jarrabawa ko neman aiki, duba adireshin da kyau. Na hukumomin gwamnatin Najeriya galibi da gov.ng yake ƙarewa.