In Windows ta ƙi ajiye fayil a kan C:\

Jama'a, ba lalacewa kwamfutar ta yi ba. Tun daga Windows Vista aka hana ajiye fayil kai tsaye a tushen C:\ (wato ba a cikin wata folda ba), ko da asusunku na mai gudanarwa ne, sai an ɗaga izini ta UAC, wato tsarin Windows mai neman amincewarku kafin a yi aikin mai gudanarwa. Amma ƙirƙirar folda ba a hana ba. To ku buɗe folda, misali C:\Aiki, ku zuba fayilolinku ciki. In dole sai a tushen, ku danna manhajar da za ku ajiye fayil ɗin da ita da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Run as administrator, sannan ku ajiye.

Kada dai ku kuskura ku yi takeown da /r (umarnin ƙwace mallakar folda da duk abin da ke cikinta) a kan C:\ gaba ɗaya. Zai ƙwace foldar Windows daga hannun TrustedInstaller, asusun da ke riƙe da fayilolin tsarin, sabuntawa ta fara ƙin shiga, kuma gyaran galibi sai an sake girka tsarin.